Shafin Dawowa

Tasi'u ya ce in rubuta masa jarumi,
ba irin na tatsuniyar Gwaggo ba,
wanda ke tashi sama, harsashi ya taɓa shi ya lanƙwashe.
Na sayi littafi mai shafi arba'in ran kasuwar Auyo
da biro biyu, don ɗaya ba shi da amana.

Malam Haladu na firamare, yana jiran wayarsa ta cika a rumfata,
ya zana mini da'ira a ƙasa da tsinken tsire:
"Duk jarumi nan yake bi.
A kira shi, ya ƙi. Wani tsoho ya ba shi abu.
Ya ƙetare, ya sha wuya, ya faɗa rami,
ya fito da abin da ya samo,
ya koma inda aka binne cibiyarsa."
Akuya ta zo ta take rabin da'irar.

Na sa masa suna Kunnen-Ruwa.
Yaro ne mai kiwon agwagi a bakin fadama.
Ran da aradu ta faɗa kan giginyar gidansu
ya farka yana jin ambaliya tun tana da kwana uku a hanya,
kamar yadda ake jiyo babur daga Haɗeja.

Kira ya zo, na sa ya ƙi.
Wannan bai ba ni wahala ba:
ya ce gero bai isa girbi ba, ya ce uwarsa na tari,
ya toshe kunne da auduga ya kwanta.
Na san dalilan nan. Nawa ne.

Tsohon kuwa na mai da shi tsohuwa,
mai sayar da bandar kifi, haƙorinta ɗaya.
Ta miƙa masa gwangwalar tuƙin marigayi mijinta,
ta ce, "Ba ta tashi sama, amma ta san zurfi."
Tasi'u ya ɓata rai.
Sai na ƙara wa jarumin fiffike a shafi na tara
don a zauna lafiya.

Dodonsa kacala ce, ciyawar da ta shaƙe kogi,
mai baki dubu, kowane baki na aman tsuntsaye
su sauka kan shinkafa kamar hayaƙi.
Ya sare, ta tsiro. Ya ƙone, ta yi dariya.
A shafi na ashirin da shida na nutsar da shi,
fiffiken ya jiƙe ya zame masa kaya.
Na bar shi cikin laka kwana biyu
don masu caji sun yi yawa, janareta kuma na gardama.
Yaron nan bai ci tuwon kirki ba sai da na fito da shi.
Gwangwalar ce ta taɓo ƙasa.
Ya buɗe wa ruwa tsohuwar hanyarsa.

Saura dawowa.
Nan biro ya tsaya. Na biyun ma.

Shekara bakwai ke nan da Yaya Ilu ya hau motar Agadas
da jaka ɗaya da lambar wani mutum a takarda.
Shi ma an kira shi. Shi bai ƙi ba.
Tasi'u na koyon tafiya a lokacin.
Har yau in baƙuwar lamba ta shigo
Inna kan goge hannu a zani kafin ta ɗauka.

Na ce wa Malam, in jarumin bai dawo ba fa?
Ya dubi ƙasa, inda da'irar take a da,
ba komai sai sawun kaji.
Ya ce, "To labarin bai ƙare ba ke nan."
Ya biya kuɗin cajinsa ya tafi.

Jiya da dare yaron ya ɗauki littafin,
ya ƙirga fararen shafuka da yawu a yatsa: goma sha ɗaya.
Ya ce, "Baffa, kar ka sa ya sauko daga sama.
Ka sa ya zo a mota, da la'asar,
ya tsaya a bakin rumfarka
ya tambaya, wannan yaron na waye?"

Na ce to.
Yau na rubuta: da la'asar.
Sai na ɗaga kai ina duban titi.